Rigar Kaka a Bukkar Garka

Maƙwabcinmu a nan unguwar Zariya ta Maradi ya sayo kare. Ban gan shi ba, katanga ta raba mu, amma tun safe nake jin sarƙarsa tana jan siminti, ta tafi ta dawo. Yarana sun ce ƙato ne, kuma maigidan har alfahari yake yi wai ko shi bai isa ya matsa kusa ba. Ni da na ji haka sai na ajiye tsintsiyar hannuna na zauna, domin ƙarar nan ta mayar da ni Jiratawa, lokacin da nake yarinya mai kai wa kakana fura a garka.

Kakana na wajen uba mutumin Tsibiri ne, kuma mafarauci ne a ƙuruciyarsa. Da dawa ta ƙare, namun daji suka yi nisa, sai ya rataye kwari da baka ya koma Jiratawa ya kama noman rani. Albasa yake yi da tattasai da zogale. Ka san halin garka, abin da ka sha wahalar ban ruwa wata da watanni, awaki za su iya share shi kafin ka idar da sallar azahar, ga kuma masu dogon hannu. Saboda haka wata rana ya tafi Tsibiri wurin tsofaffin abokan farautarsa, ya dawo da kare a bisa amalanke, an ɗaure masa baki da tsumma.

Ja ne, siriri, kunnensa ɗaya a yage. Kowa ya ƙi shi a can, don ya ciji mai shi, ya kuma yi wa 'yan uwansa karnuka rauni. Gwaggo, babbar 'yar Kaka, ta dube shi ta ce tsoho ya rasa tsarabar da zai kawo mana sai bala'i.  Kaka kuwa ya raɗa wa karen suna Barsu.

Daga baya na ji tarihinsa a bakin Kaka. Mai shi na farko so yake ya yi zafi wajen farauta, sai ya riƙa kulle shi a ɗaki mai duhu, yana hana shi abinci, yana daka masa rina a cikin ɗan abin da zai ba shi, in ya yi kuka kuma ya sha sanda. Zafin ya samu, amma bai tsaya kan zomo da gada ba. Kaka yakan ce ruwa ba ya tsami banza. In ka ga kare yana cizo, ka duba yunwa, ka duba ciwo, ka duba tsoro, in duk babu to ka duba igiyar da ke wuyansa.

Yadda ya bi da shi kuwa, a lokacin gani nake wasa ne irin na tsofaffi. Ya kwance shi a cikin bukkar garka, ya koma gefe ya zauna, ya ba shi kafaɗa, bai dube shi ido cikin ido ba. Yana cin ƙanzo yana jefa masa loma, yana ta yi masa hira kamar mutum. Haka suka yi ta yi har albasa ta fara kai. Ranar da Barsu ya yarda aka taɓa shi, Kaka ya gano kunnen nan ya ruɓe daga ciki, ya wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri. Sannan ya tuɓe tsohuwar rigarsa ta saƙi, wadda ta sha gumi har ta yi nauyi, ya shimfiɗa masa a kusurwar bukka. In Kaka ya koma gida, a kanta Barsu yake kwana, kuma daga nan yake tsaron garka.

Kada ka ɗauka ya zama ɗan rago. Har ya bar duniya mugun kare ne, akuya ba ta shiga garkar nan ta fita da daɗin rai. Sai dai muguntarsa ta sami iyaka. Kaka ya kafa mana doka: kada a zo masa ta baya, kada a yi gudu a gabansa, kada a shigo da sanda a hannu, kuma a yi magana tun daga nesa ya ji murya. Sauran yara suka ce su da garka har abada. Ni kuwa dole ce ta sa, ni ce mai kai fura. Tun ina ajiye ƙwarya a bakin shinge ina rugawa, har na kai ina zama kusa da shi yana shinshina mini ƙafa. Kaka yakan yi dariya ya ce, “Matata, kin ƙwace mini aboki, saura ki ƙwace garkar.”

A wata bazara mai tsananin zafi ciwo ya kama Kaka. Babban ɗansa, wanda muke kira Baffan Maradi, ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ya zo da mota ya tafi da shi asibiti. Kaka bai dawo da rai ba. Duk kwanakin zaman makoki Barsu yana bukka a kan rigar nan. Ya rage ci, yana yawan duban hanya, amma bai taɓa kowa ba. Baffa ƙarami, ƙanen babana da ya karɓi ban ruwa, yana shiga yana fita lafiya muddin bai doshi bukkar ba.

Sai aka zo rabon gado. Ina so ka fahimci Baffan Maradi, don ba azzalumi ba ne. Mutum ne mai tsoron haƙƙi, kuma cikin magada akwai ƙananan yara da Kaka ya haifa da tsufansa. Ya tara gida ya ce duk abin da mamaci ya mallaka a fito da shi gaban malam, ko allura ce, kada a ci haƙƙin marayu. Aka fito da tabarmi, da buta, da kwari da bakan nan. Can sai Gwaggo, wadda ba ta mantuwa sai in an zo aikinta, ta ce ai akwai riga a garka.

Kowa ya san wanda ke kwance a kanta. Sai idanu suka juyo kaina. Na ce ai Kaka ya ba Barsu ita. Mutane suka yi dariya, har da masu hawaye a fuska. Baffan Maradi bai yi dariya ba, ya kira ni kusa ya dafa kaina.

“Ɗiyata, kare ba shi cin gado. Tahi ki ɗauko muna, Allah shi yi miki albarka.”

Gaskiyar magana, daɗi na ji. Gida cike da maza masu gemu, amma ni kaɗai ce zan iya. Na ɗauki ɗumamen tuwo na tafi ina taƙama. Na yi magana tun daga nesa kamar yadda aka koya mini, na ajiye masa tuwon can bakin rijiya, ya taso ya zo. Yana ci na shiga bukka na naɗe rigar. Da ya ɗago ya gan ta a hammatata bai yi gurnani ba, kaɗa wutsiya ya yi. Ya bar tuwon ya biyo ni har bakin shinge, yana dubana yana duban hanya. Ina jin ya zaci wurin mai ita zan kai ta.

Gwaggo ta karɓe ta da yatsu biyu, ta ce ba za a kai wa malam abu duk gashin kare ba. Ta sa ni na yi mata irin wankin da ake yi wa abin da kare ya taɓa, har da cuɗawa da ƙasa, sannan na bi da sabulu har ruwan ya fita fari. Na shanya ta a rana. Da aka zo rabo malam ya ɗaga ta, duk huji, ya tambaya ko akwai mai so. Ba a sami mai so ba. Aka jefa ta madafa, ta zama tsumman sauke tukunya.

Barsu kuwa ya shiga nema. Ya tone ƙasar bukka, ya zagaye garka, ya bi hanya ya dawo. Ya daina kwanciya wuri ɗaya. Da Baffa ƙarami ya zo wucewa ta bayansa da fartanya a kafaɗa, sai ya yi masa gurnani. Baffa mutum ne mai saurin hannu, ya maka masa ƙota, Barsu kuma ya kama shi a sha-raɓa. Daga nan aka taru aka jefa masa igiya, aka sa masa sarƙa a gindin gawo. Abinci sai a cilla masa daga nesa in an tuna. Yaran da dā ke tsoronsa suka sami abin wasa, suna jifansa da hoge su ga yadda yake zabura. Duk abin da Kaka ya hana, muka yi shi ɗaya bayan ɗaya, sannan muka riƙa mamakin yadda karen ya lalace.

Magana ta bazu cewa ya haukace. Ni na san bai haukace ba, don yana shan ruwa, kuma ba ya dalala. Amma wa zai saurari yarinya a kan kare? Na ji Baffa ƙarami yana gaya wa Gwaggo ya yi magana da samari, gobe da hantsi za su gama da shi kafin ya illata ɗan wani. Sai a lokacin dabara ta zo mini. Na faki ido na zare tsumman daga madafa, na ɓoye a zanena, na nufi garka da la'asar.

Na kira sunansa tun daga shinge. Ya rame, wuyansa ya saɓule inda sarƙa ke ci. Na matsa a hankali, na ba shi kafaɗa kamar yadda Kaka yake yi, na ajiye rigar inda zai kai. Ya zo ya sa hanci. Ya daɗe yana shinshinawa, daga wuya zuwa gindi, ya juya ta da ƙafa ya sake bi. Babu sauran warin gumin Kaka a cikinta, sai na sabulu da hayaƙi da miyar kuka. Ya ɗago ya dube ni, sannan ya zaburo mini da dukan ƙarfinsa har sarƙa ta fizge shi ya faɗi. Bai taɓa yi mini haka ba. Na yi abin da aka ce kada a yi, na juya na ruga, ina kuka har gida. Ihu ne bayan hari.

Washegari aka kashe shi. Ban je ba, kuma ban tambayi yadda aka yi ba. Babu wanda ya taɓa cewa na yi laifi. Aike aka yi mini na je, wanki aka sa ni na yi. Da Gwaggo ta ga na ƙi cin abinci, cewa ta yi, “Ke wai don kare? Ki yi wa kakanki addu'a ya hi miki.” Na yi masa addu'a, amma abin bai bar ni ba. Mazan gidan nan duka da sun taru ba za su iya raba shi da rigar ba. Ni ya yarda da ita, kuma da yardar nan aka yi amfani, ina murna.

Yanzu in ka je Jiratawa, waya ce ta zagaye garkar, inji ke jan ruwa, jikokin Baffa ƙarami ba su ma san an taɓa yin bukka a wurin ba. Masu zaman haƙuri da dabba irin na Kaka sun yi ƙaranci. In kare ya yi cizo sai a ce jininsa ne, a ƙara masa ɗauri, ba mai tambayar abin da aka ɗauke masa. Na girma, na yi aure a Maradi, na ga rasuwa da yawa a danginmu da na mijina. Ina daka, ina girki, ina kwana a gidan makoki. Amma in aka tara tufafin mamaci aka kawo ruwa da sabulu, sai in sami abin da zai fitar da ni waje. Matan dangi sun ce tsoron gawa nake yi, wasu sun ce ƙyuya ce. Na bar su a haka, don ban san yadda zan gaya musu cewa na taɓa wanke mutum daga rigarsa, alhali akwai mai jiransa a ciki ba.