Shekarar da Aka Naɗe Tsire da Hukuncin Kotu

Na daɗe ina aiki a ɗakin karatun shari'a da ke yi wa alƙalan Ikara da Makarfi da Kudan hidima. In na ce ɗakin karatu, kada a hango wani katafaren gini. Ɗaki ne guda mai tsawo a bayan wata kotu a Ikara, da tagogin katako da fankar da ba ta juyawa sai ranar da aka yi sa'ar wuta. Ni kaɗai ce ma'aikaciya a cikinsa. Amma duk alƙalin da shari'a ta cije masa a yankin nan, ƙofata yake aikowa.

Mutane suna zaton aikin bai wuce zama a kujera ana kaɗe ƙura ba. Ba su san doka ba ta zama wuri ɗaya ba. Majalisa za ta gyara wani sashe, a aiko mana da takardar gyaran, ni kuma in bi kowane kwafi in ja jan layi a kan tsohon, in manna sabon a gefensa, don kada alƙali ya yanke hukunci da dokar da ta riga ta mutu. Hukunce-hukuncen manyan kotuna suna zuwa ne a 'yan siraran mujallu, in tara su, in kai wa mai ɗinkin littafi a Zariya ya haɗa su kundi guda. Alƙalan kotunan Musulunci su aiko a ba su littafin fiƙihu, majistare su nemi kundin hukunci, in naɗe a leda in ba direban motar haya da na yarda da shi, ko in hau in kai da kaina. Ga yaƙi da gara, wanda ba ya ƙarewa. Ƙafafun kantocin duk a cikin gwangwanaye suke tsaye, na cika su da baƙin mai. Da damina kuwa na san duk inda kwano yake yoyo, da darona na tarar ruwa.

A haka muke har aka kawo sabon shugaba a sashen da ke kula da irin waɗannan ɗakuna. Ranar da ya zo duba mu, a bakin ƙofa ya tsaya, ya toshe hanci da hankici.

Ya ce, "Malama, wannan ɗakin karatu ne ko rumbu?"

Na ce, "Yallaɓai, tsufa ne kawai, amma babu littafin da ba a amfani da shi a nan. Abin da muke buƙata shi ne a gyara rufi, a kawo mana sababbin dokokin jiha, don kwafi ɗaya alƙalai suke karɓa-karɓa."

Ya ce in kwantar da hankalina, za a mayar da wurin abin nunawa, manyan baƙi za su zo su buɗe shi. Wallahi har daɗi na ji. Na koma gida ina ba maigidana labari.

Ba a jima ba mahaifiyata ta kwanta ciwo a Kudan, na ɗauki hutu na tafi jinya. Kafin in tafi aka ce in bar makulli wurin maigadi saboda masu fenti. Na bari.

Da na dawo ban gane ɗakin ba. An shafa farin fenti, an shimfiɗa tayil, an jera kabad-kabad na gilashi, cike da littattafai masu jan bango da rubutun ruwan zinare. Na tsaya ina kallo, na yi hamdala. Sannan na buɗe kabad ɗaya na zaro littafi. Dokar wata ƙasar Turai ce a kan inshorar jiragen ruwa. Na zaro na kusa da shi, shi ne dai, kwafi na biyu. Na bi layin gaba ɗaya, tsofaffin dokokin ƙasashen waje ne waɗanda ko can an daina aiki da su, an sayo su ne saboda kyan bango. Jiragen ruwa, a ƙasar da shari'unmu ba su wuce gona da gado da ɓarnar shanu ba. Na ɗaga kai, na ga tabon yoyo yana nan a silin, fenti kawai aka bi ta kansa.

Na fita na sami maigadi. Na ce, "Baba, ina littattafaina?"

Ya ce, "Ai Hajiya, motar a-kori-kura aka kawo ta kwashe. Mai kwangila ya ce tarkace ne, an ba shi izini daga sama."

Nan take na kira shugaban a waya. Ya saurare ni kaɗan, ya ce, "Malama, yanzu duniya ta ci gaba, komai yana cikin kwamfuta. Ki daina kuka a kan takardun da ɓera ya ci."

Na ce, "Yallaɓai, wace kwamfutar? A wace kotun?"

Ya kashe wayar.

A makon ne alƙalin kotun da ɗakina yake bayanta ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba ya sa hannu a hukunci sai ya ga abin da ido. Akwai shari'a a gabansa tsakanin wani manomi daga Furana da wani makiyayi da danginsa suka daɗe da zama a gefen garin. Rigimar a kan burtali ce, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Manomin ya ce hanyar ta ci masa gona, makiyayin ya ce gonar ce ta ci hanyar. Ba abokan gaba ba ne. A barandar kotu tabarma ɗaya suke zama, su gaisa, su tambayi iyali.

Alƙalin ya ce, "Malama, ina son kundin sanarwar gwamnati da aka shata burtalan yankin nan a ciki, da kuma hukuncin da kotun sama ta taɓa yi a kan irin wannan. Na taɓa karanta su a wurinki."

Na san kundin da yake nufi. Mai koren bango ne, ni na liƙe masa baya da ƙyalle lokacin da ya fara yagewa. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya gafarta Malam, an zubar da su."

Ya cire tabarau ya kalle ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, sai a nemo. Ba zan yanke wa mutane iyaka da ka ba." Ya ɗage shari'ar.

Na shiga nema. Na gano direban a-kori-kurar a tasha, ya ce shi kasuwar Makarfi aka ce ya kai, wurin masu sayen tsohuwar takarda. Ranar kasuwa na tafi. Mai sayen takardar ya ce ai tuni ya rarraba wa masu tsire da masu ƙosai da masu gyaɗa. Ya nuna mini wani mai tsire a bakin titi. Ina isa na tarar yana naɗe wa wani mutum nama, ya yago shafi daga wani kundi da aka cire wa bango, ya zuba yaji a kai. Daga inda nake tsaye na hango jan layina a jikin takardar, da gyaran da na manna da hannuna.

Ban san lokacin da na ce, "Tsaya!" ba. Har mai sayen naman ya ja da baya.

Mai tsiren ya tsorata. Ya ce, "Hajiya, ni takarda na saya, ban san ta hukuma ba ce." Na ce masa ba shi da laifi, kuma har zuciyata ba shi nake jin haushi ba. Mutumin kirki ne. Ya jawo buhun da ke ƙarƙashin teburinsa ya ce in duba. Na tsuguna a gefen tukuba, hayaƙi yana shiga idona, mutane suna wucewa suna kallon mace da mayafi tana tonon buhun mai tsire. Aikin shekaruna ne a ciki, a yayyage, wani shafin ya sha mai har ana ganin rana ta cikinsa. Na bi masu ƙosai, na bi masu gyaɗa, na tsinto abin da na tsinto. Koren kundin ban gan shi ba.

Aka sake zama, aka sake ɗagewa. Na buga waya duk inda nake da sani. Wata kotun a ce ba a taɓa kai musu ba, wata a ce nasu gara ta cinye tun da daɗewa. Ina cikin wannan ruwan fari ya sauka.

Manomi ba ya jiran kotu in ƙasa ta jiƙa. Mutumin Furana ya shuka masararsa har inda yake ganin nan ce iyakarsa. Shanu kuma dole su sha ruwa. Masara ta kai gwiwa, wata safiya garken ya bi ta inda ya saba bi, babban ɗan manomin yana gona da adda a hannu. Aka yi cacar baki, aka kai ga hannu. Saran ya sami makiyayin a damtse. Aka kai shi asibiti, aka kama ɗan manomin aka tsare.

Ranar da aka kawo ɗan manomin kotu ina nan. Babu tabarma ɗaya kuma. Dangin manomin suna ƙarƙashin darbejiya, dangin makiyayin suna can jikin katanga, 'yan sanda a tsakani. Uwar wanda aka tsare tana kuka ba sauti, ta cusa bakin zane a baki. Na tsaya a ƙofar ɗakina mai sabon fenti ina kallonsu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin fuskar wanda ya sa hannu aka kwashe littattafan nan.

Daga baya wani magatakarda ya tuna mini da wani tsohon lauya a Zariya da ya daina aiki, wanda ba ya zubar da ko tsinken takarda. Na je gidansa. Ya sa aka shigar da ni wani ɗaki mai duhu, muka yi ta sauke kwalaye har muka samu, kundin da hukuncin duka. Bai yarda in fita da su ba, sai da ya biyo ni da sandarsa har shagon masu hoton takarda.

Alƙalin ya karanta a gabana. Burtalin yana nan a shate, da faɗinsa da alamominsa. Manomin ya ɗan shiga ciki, amma hanyar ba ta kai faɗin da makiyayin yake faɗa ba. Kowa yana da gaskiya kaɗan. Magana ce da za a kashe a zama guda, a je da igiyar awo a kafa duwatsu. Alƙalin ya ajiye takardar ya ce, "Da wannan ta zo kafin ruwa, da yanzu suna can suna musayar nono da hatsi."

Bikin buɗe ɗakin karatun bai fasa ba. Aka kafa rumfa, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hotuna a gaban kabad-kabad ɗin. Baƙi suna shafa gilashi suna cewa masha Allah, babu wanda ya zaro littafi ko ɗaya. Na jira har suka shiga motoci. Sannan na sami shugaban, na ajiye masa shafi ɗaya daga na buhun mai tsire a kan tebur, da mansa da yajinsa.

Na ce, "Yallaɓai, ga ɗaya daga cikin tarkacen. Akwai mutum a asibiti, akwai wani a tsare, saboda ɗan'uwan wannan shafin."

Ya ture takardar da bakin biro don kada ta ɓata masa riga. Ya ce, "Ni na sare shi? Malama, ki san da wa kike magana."

Na ce na sani sarai. Na faɗi sauran abin da ke raina, da murya sama, har masu kwance rumfa suka tsaya. Abin da ya biyo baya takardar tuhuma ce a kan rashin ladabi. Na amsa ta, na rubuta duk abin da ya faru, babu wanda ya kira ni ya tambaye ni ko kalma ɗaya a kan littattafan. Shi kuwa ba a daɗe ba aka ƙara masa girma.

Na koma na fara daga tushe. Na bi gidajen tsofaffin alƙalai, da matan lauyoyin da suka rasu, ina roƙon abin da suka bari, ina yin hoton wanda ba za a bayar ba. Har yau ban mayar da rabin abin da aka zubar ba. Akwai hukunce-hukuncen kotunan yankin nan da aka buga da tafireta tun kafin a haife ni, waɗanda babu kwafinsu a ko'ina. Sun tafi ke nan.

An kafa duwatsun iyaka bayan kaka. An saki ɗan manomin bayan dattawan ɓangarorin biyu sun shiga tsakani, amma mahaifinsa bai ƙara gaisawa da maƙwabcinsa ba. Makiyayin na haɗu da shi wata rana a tashar Ikara. Hannun ya warke amma ya ƙi miƙewa, da hagu yake riƙe sanda. Ya gane ni, ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi gida da aiki da gajiya. Ashe ya ji a bakin ma'aikatan kotu cewa wani littafi ne ya ɓata shi ya sa aka yi ta ɗage shari'arsu.

Ya ce, "Hajiya, wai da gaske wani ne ya sace shi?"

Na ce, "Ba sata ba ce, Malam. Zubarwa aka yi."

Ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce, "Wanda ya zubar ɗin, bai iya karatu ba ne?"

Na ce ya iya, har ƙasar waje ya je ya yi. Kwandasta ya fara kiran fasinjan Makarfi, na yi masa sallama na shiga mota.