Haihuwar da Ta Riske Ni a Hanyar Goronyo

Shekarun baya, lokacin 'ya'yana biyu ne kawai ina ɗauke da cikin na uku, na yi wata tafiya daga Wurno zuwa Goronyo wadda har yau in aka tuna ta a gidanmu sai an yi mini dariya. Kwanan nan wata ƙawata mai cikin fari ta tambaye ni yadda ake gane naƙudar gaskiya. Na ce ta nemi wata ta tambaya, ni ban cancanta ba. Bari ku ji dalili.

Haihuwata biyu na farko duk doguwar naƙuda na sha. Ta fari na kwana na wuni ina abu ɗaya. Ta biyu kuwa har sallamo ni aka yi daga asibiti aka ce da saura, na dawo gida na yi wanki, na daka yajina, sannan muka koma. Daga nan na ɗauki kaina gwana. Duk amaryar da ta sami ciki a unguwarmu sai na zaunar da ita na ce ta kwantar da hankalinta, haihuwa ba ta faɗo wa mutum kwatsam, tun daga nesa take sallama.

A bazarar shekarar aka yi wa mahaifina aikin ido. Ya daɗe ba ya gani sai dishi-dishi, har ta kai da murya yake gane mu. Da aka bugo aka ce an kwance masa ido yana gani, sai na kasa zaune na kasa tsaye. A wurin awo an ce mini da sauran makonni, don haka na matsa wa maigidana sai na je. Shi kuma lokacin cirar albasa ne, kullum yana fadama. Ya yi ta ja, daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗin yayarsa ta raka ni kuma mu dawo a ranar.

Yayar nan tasa mace ce marar yawan magana. Ta yi aure shekaru masu yawa Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tana da tsoron jini ƙwarai, ko kaza za a yanka sai ta shige ɗaki. Yaya nake ce mata, kamar yadda yake ce mata.

Muka isa Goronyo da hantsi. Mahaifina yana zaune a zaure da baƙin tabarau. Na durƙusa ban yi magana ba, don in gwada shi. Ya dube ni ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarama. Kuka ya ƙwace mini. Da muka shiga ciki na ji yana ce wa mahaifiyata a hankali, "Wa ab bar yarinyar ga ta shigo mota cikin wanga hali?" Idon da aka gyara ya fara aiki a kaina ke nan.

Mahaifiyata ta soya kifin dam ɗin garin, na ci na ƙoshi, na bi da mangwaro. Ina sallar azahar na ji bayana ya riƙe. Na ce zaman mota ne. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ki kwana nan, gobe ku tahi." Na ce na bar yara a hannun maƙwabciya, kuma na yi wa maigida alkawari. Ta zuba sauran kifin a kwano mai murfi ta ce in kai wa surukinta.

Motar da muka samu ƙarama ce. Direban saurayi ne, a gefensa wani dattijo da carbinsa. A baya ni ce, da Yaya, da wata matashiya mai goyo, sai wata tsohuwa siririya da ƙullin kayanta a cinya. Ta ce wajen Rabah za ta, gidan ɗiyarta, a kwanar da ake ratsewa zuwa Wurno za ta sauka ta nemi wata motar.

Ba mu yi nisa da gari ba ciwon ya sauko daga baya ya zagayo mara. Ya saki. Kafin in gyara zama ya dawo. Na riƙe bayan kujerar direba na cije leɓe, ina lallashin kaina da cewa ko da naƙuda ce ai sai gobe war haka. Ashe tsohuwar nan tana lura da ni.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga ciwo tun yaushe?"

Na ce, "Ba komi, Inna. Kihi nic ci da yawa."

Ta ce, "Na tsuhwa ban ga kihin da ka sa mutum shi riƙe kujera haka ba."

Ban samu na amsa ba, faya ta fashe. Zanina ya jiƙe, na Yaya ma ya jiƙe. Abin da ya fara zuwa mini a rai kunya ce, ga maza biyu a gaba. Yaya ta leƙa ta ga abin da ya faru, ta ce, "Direba, don Allah ƙara wuta, asibitin Wurno za ka kai mu."

Ya taka mota. Tsohuwar ta ɗora hannu a cikina, ta dubi fuskata, ta ji irin nishin da ya fara fita daga bakina ba da sona ba. Ta ce, "Ba ta kai Wurno. Yaro, tsaya."

Ya ce, "Inna, nan hwa daji na. Ba gida ba asibiti."

Dattijon nan mai carbi ya ce, "Tunda mata sun ce ka tsaya, ka tsaya. Wagga magana ba tamu ta ba."

Allah ya sa a bakin hanyar akwai wata rumfa ta kara da zana inda ake tara albasa. Mai gonar da ma'aikatansa suna ciki suna tsince ruɓaɓɓu. Dattijon ya sauka ya yi musu magana, ban san abin da ya ce ba, na dai ga sun miƙe gaba ɗaya sun fita, sun bar mana tabarma da jarkar ruwa. Suka tsallaka titi su da direba, suka ba mu baya.

Yadda na taka daga mota zuwa rumfar nan ban iya tunawa. Na dai tsinci kaina a durƙushe kan tabarma, tsibin albasa a dama da hagu. Gefe ɗaya na rumfar a buɗe yake, yana kallon titi. Matashiyar ta ɗaure ɗanta a baya ta ware mayafinta, Yaya ta kama ɗaya bakin. Bai rufe ba. Sai ga wasu matan Fulani biyu sun dawo daga tallan nono. Ko tambaya ba su yi ba, suka sauke ƙorensu, kowacce ta kwance zanin da ta yafa, suka tsaya suka cike gurbin. Motoci na wucewa, ba wanda ya ga komai sai bayan mata huɗu.

Tsohuwar ta aika matashiyar ta karɓo guntun sabulu wurin direba, ta wanke hannunta har gwiwa, ta durƙusa a bayana. Ta ce, "Kak ki ji tsoro. Ki kira sunan Allah, in nishi ya taho ki bi shi."

Ni da na saba kwana da wuni, nishin da na yi bai taka kara ya karya ba. Na ji abu ya sulluɓo, ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya.

Sai shiru.

Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san abin da kunne ke jira a wannan lokacin. Na jira ban ji ba. Na juya da ƙyar. Mace ce, jikinta ya yi wani irin duhu, hannuwanta a sake, cibiya ta naɗe mata wuya. Tsohuwar ta sa yatsa ta zame cibiyar ta kan yarinyar, ta share mata baki da hanci, ta kifa ta a tafin hannu tana murza bayanta. Ba motsi. A tsallaken titi ina jin muryar dattijon nan yana ta salati. A raina kuwa ba abin da ke yawo sai maganar mahaifiyata, ki kwana nan. Na ce shi ke nan, da ƙafata na fito na jawo.

Yaya ce ta saki bakin mayafin da take riƙe da shi, ɗaya daga cikin matan Fulanin ta cafe. Matar da ba ta iya kallon yankan kaza ta durƙusa cikin jini, ta cire ɗankwalinta, tsohuwar ta ce, "Goge ta da ƙarhi, kak ki tausaya mata." Yaya ta shiga goge bayan yarinyar da kanta da tafin ƙafarta, tana cewa, "Tashi mana. Tashi, ɗiyata. Ki yi wa Allah ki tashi."

Yarinyar ta yi wani ɗan tari. Ta yamutsa fuska. Sai kuka, da farko siriri kamar na ɗan kyanwa, daga baya ta buɗe murya har ɗan da ke bayan matashiyar ya farka ya taya ta. Daga tsallaken titi na ji maza sun haɗa baki da hamdala. Ni ko hamdalar ban iya furtawa ba. Na kifa goshina a kan wani buhun albasa na yi ta kuka, kuma ba albasar ce ta sa ni ba.

Ba a jima ba mabiyiya ta faɗo. Ɗaya Bafulatanar ta zaro 'yar wuƙa don a yanke cibiya, tsohuwar ta ce a'a, tunda ba sabuwar reza a bari sai asibiti. Aka rasa abin da za a sa mabiyiyar. Yaya ta ɗauko kwanon kifin da aka aiko wa ƙaninta, ta ba matashiyar ta kai wa mazan kifin, ta wanke kwanon da sabulu. Har yau maigidana yana cewa shi ne ya fi kowa asara a tafiyar nan, an cinye masa kifi kuma an hana shi kwano.

Dattijon ya ce shi zai jira wata mota, matashiyar ta koma gaba don in samu wurin kishingiɗa. Aka kwantar mini da jaririyar a ƙirji, aka lulluɓe mu. Da muka zo kwanar da tsohuwar za ta sauka direba ya rage gudu, ta ce, "Wuce. Sai na ga an yanke cibiyar ga." Shi kuwa direban da ɗazu yake gudu kamar zai tashi sama, yanzu ko ɗan rami ya gani sai ya kusa tsayawa.

A asibiti malamar da ke aiki ta yanke cibiya, ta yi mini allura, ta duba mu duka biyu ta ce lafiya lau. Sannan ta yi mini faɗa daidai gwargwado, na sunkuyar da kai na karɓa. Yaya ta buga wa maigida waya, ya ɗauka wasa take, sai da ta kara wayar a bakin jaririyar. Ya iso kan babur ɗin kabu-kabu, ƙafarsa duk taɓon fadama. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallona.

Ya ce, "Ke da kinka ce gaisuwa za ki?"

Na ce, "Ai na gaishe su. Suna gaishe ka."

Ya yi dariya, ya karɓi yarinyar ya yi mata kiran salla a kunne.

Sai da hankalina ya dawo na ce a kira mini Innar da ta karɓi haihuwar in yi mata godiya. Aka duba ba ta nan. Ashe tun da ta ga an yanke cibiya ta yi alwala ta yi sallarta a harabar asibiti, direba ya mayar da ita kwanar da za ta sauka. A cikinmu ba wanda ya tuna ya tambayi sunanta ko na ƙauyen da za ta. Maigidana ya sa abokan cinikinsa na wajen Rabah su cigita, ba a dace ba.

Washegari mahaifiyata ta iso. Na shirya jin faɗa. Ta ɗauki jikarta ta juya ta, ta dube ni, ta fita ta hura wutar ruwan wanka. Ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ranar suna direban ya zo, aka ba shi cinyar rago. Sunan Yaya aka sa wa yarinyar. Da aka shigo aka faɗa, Yaya ta tashi ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Tun daga lokacin na daina ba amare tabbacin abin da ban mallaka ba. In mai ciki ta tambaye ni, cewa nake in wata ya kama ta zauna kusa da asibiti, in babba ya ce ta kwana ta kwana. Kowace haihuwa da irin tafiyarta. Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne, a ranar da na fi kowace rana buƙatar mutane, waɗanda Allah ya turo mini yawancinsu ban taɓa ganinsu ba kuma ban sake ba. Ina sa su a addu'a ba suna, na san wanda nake roƙo ya san su.

Yarinyar yanzu tana firamare, ga surutu. Bara da damina za mu Goronyo ta ce lallai sai na nuna mata inda aka haife ta. Na yi ta leƙe ta taga. Rumfar babu ita, ko'ina gero ne ya yi kore, wuri ya koma iri ɗaya. Na ce ina jin nan ne, muka ƙara gaba na ce a'a, kamar can ne. Daga ƙarshe na gaya mata gaskiya, na kasa ganewa.

Na ɗauka za ta ɓata rai. Ta ɗan kalli gonakin da ke wucewa, sannan ta gyara zama ta ce, "To ba komi, Umma. Duk hanyar ga garinmu ta."