Guntun Hanjin Karenmu

Shekarar da aka kawo shari'a, lokacin da gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, muna da kare a gidanmu na Durun. Ja ne, mai farin wuya. Maigidana ya ajiye shi don gadin rumbu da awaki. Ni ke zuba masa ƙanzo a kasko can bayan turke. Ban taɓa shafa shi ba, shi ma ya san iyakarsa.

Gida ɗaya muke da ƙanen maigida, malamin Islamiyya. Kullum faɗarsa ke nan: "Yaya, mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare."

Maigida ya ce, "Ɓarayi ma haka, Malam."

A yi dariya a watse.

Sai kare ya fara zawo. Ya tsaya, ya dawo, wata rana da majina, wata rana da jini. Ci yake kamar ba gobe, amma haƙarƙarinsa duk a waje. Na jiƙa masa sabara, na jiƙa marke, a banza.

Ana nan, maigida ya hangi Malam yana jefa wa karen sauran tuwo. A ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya ce da shi, "Ashe kai ke sa masa guba." Malam ya juya ya tafi gida. Kafin Juma'a ta zagayo ya kafa zana ta raba tsakar gida biyu. Matarsa, wadda turmi ɗaya muke daka, sai dai in ji taɓaryarta ta bayan zana.

Ni na matsa aka ɗora karen a amalanke ranar kasuwar Gwarzo, muka kai shi wurin likitan dabbobi. Ya ba da maganin tsutsa, ya yi allura. Da muka koma ba sauƙi, maigida ya tambaye shi, "Likita, guba ce ko?"

Ya ce, "Baba, ba zan rantse ba. Ciwon nan a jikin hanji yake, ido ba ya ganinsa. Sai an yanki ɗan guntu an rina shi, kamar zane a marina, a duba da madubin asibiti. Rinin yakan kama inda ciwo yake, ya nuna irinsa. Mu nan ba mu da kayan yi wa mai rai wannan aiki."

To, ka ji. Gaskiya na cikin cikin kare, ba ta fita sai ya mutu. Muka dawo muna jira, shi yana ramewa, zana tana nan tsaye.

Bayan an yanke dawa ya mutu a gindin rumbu. Likita ya zo a kan babur, ya yanki guntun hanji kamar ƙwayar wake, ya jefa a kwalba, ya ce Zariya za a kai. Aka ce rini ya ƙare a can. Aka ce ma'aikata na yajin aiki. Cikin jiran nan Malam ya kwashe iyalinsa ya koma Kabo, ko sallama babu.

Damina ta faɗi kafin likita ya dawo. Ya tsuguna a zaure ya ce, "Baba, ba guba ba ce. Hanjin ya daɗe da kumbura, ya yi kauri, abinci ba ya kama jikinsa. Jikinsa ne ke yaƙar hanjinsa. Ko yaya aka yi, ba hannun mutum a ciki."

Maigida ya raka likita ya dawo. Na ce, "Ashe tuwon nan tausayi ne." Ya ce, "Na sani, yi shiru."

Muka tafi Kabo da ƙwaryar gero. Malam ya shimfiɗa wa yayansa buzu, suka gaisa, ya gida, ya yara, ya damina, har gaisuwa ta ƙare. Maigida ya ce, "An duba hanjin karen."

Malam ya ce, "Allah sarki. Ni da na rantse maka da Allah, da ka yarda, Yaya? Sai da aka tambayi hanjin kare."

Ya yafe, ya faɗa da bakinsa, amma bai dawo ba. Zanar nan gara ce ta cinye ta, ba wanda ya cire. Ɗakunansu kuwa, a ciki muke ɗaure awaki har maigida ya rasu.