Gorar da ƙanwata ta yanka

Bayan rasuwar Inna, ni na ci gaba da kula da Baba, don gidan mijina da nasa katanga ɗaya ce ta raba su a Nahuce. Ƙanwata kuwa ta yi karatun jinya, ta sami aiki a Gusau, sai jefi-jefi muke ganinta.

Baba yana da asma, kuma da kaka take tasar masa, idan aka fara sussuka ƙaiƙayi ya cika gari. Likita ya ba shi inhela biyu, wato maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, shuɗiya ta lokacin da ƙirji ya riƙe, da mai ruwan ƙasa ta safe da yamma. Hannunsa na rawa, don haka ni nake danna masa. Shekara biyu ban taɓa tsallake rana ba. Duk da haka tarin bai bar shi ba, muryarsa ta dishe, harshensa ya yi fari fat.

Wata Juma'a ƙanwata ta zo. Tana zaune kan tabarma, ko mayafi ba ta cire ba, ta ga na sa masa inhela a baki na danna.

"Yaya, kullum haka kike ba shi?"

Na ce haka nake ba shi, da wani abu ne?

Ta ce yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, ya haɗiye shi da miyau, shi ya sa bakinsa ya yi fari. Wanda ya tsaya a manyan hanyoyin iska ma, akwai wasu ƙananan gashi da ke turo shi sama tare da majina. Sai wanda ya kai can cikin huhu ne yake narkewa ya yi aiki, sannan jini ya ɗauke shi a hankali.

Ta juye ruwan gorar robar da ta zo da ita, ta huda gindinta da wuƙata ta yankan kuɓewa, ta cusa bakin inhelar. Ta fesa a ciki, ta ce Baba ya ja ta bakin gorar a hankali, ya riƙe numfashi ta ƙirga masa goma, sannan ya kuskure baki ya zubar. Kafin la'asar ta hau mota ta koma.

Cikin mako biyu muryar Baba ta dawo, tarin ya ragu. Na ji daɗi, Allah ya sani. Amma da gwaggonmu ta zo daga Tsafe duba shi, ina bakin murhu ina dama masa kunu na ji yana cewa, "Ɗiyar nan tawa ta Gusau, Allah ya yi mata albarka. Sa'a guda ta yi, ta gano abin da ya dame ni shekara biyu." Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke kuma kina nan ba ki lura ba?"

Na yi dariya, amma kunun nan sai da ya yi gudaji.

Washegari na cusa gorar a ƙarƙashin rumbu, na ce wa Baba ban san inda ta shiga ba. Na koma ba shi yadda na saba. So nake ya zama ba gorar ce ta yi aikin ba. Kwana shida ina kasa kunne ga numfashinsa. A na bakwai ya dawo daga sallar azahar ya dafa katanga, ƙirjinsa yana fito kamar an busa kara. Bai zarge ni ba, cewa kawai ya yi, "Ɗiyata, ko za ki kira ƙanwarki ta yanka mana wata?"

Na je na durƙusa na zaro ta, na wanke, na bari ta bushe, na ba shi shuɗiyar a ciki. Na ƙirga goma da ƙarfi. Numfashinsa ya daidaita.

Da yamma ƙanwata ta bugo waya tana tambayar jikinsa. Na ce da sauƙi. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya." Na amsa a gajarce, na miƙa wa Baba wayar, na tsaya ina jin yadda muryarsa take sakewa idan da ita yake magana. Har yau ba ta san maganar rumbun ba.