Mangwaron da Aka Ɗora wa Laifin Intanet

Shekarar da majami'armu ta Sabon Gari ta fara watsa sujada ta intanet, don tsofaffinmu na Samaru su bi daga gida, hoton ya riƙa daskarewa. Fasto zai ɗaga hannu, hannun ya maƙale a sama har a gama addu'a. Sai aka kafa kwamiti. Mu dama ko ƙofa ce ta ƙi rufuwa, kwamiti muke kafa mata.

Shugaban kwamitin tsohon hedimasta ne, wanda ko saƙon waya sai an buɗe masa. Ya fito, ya riƙe ƙugu, ya dubi faifan intanet da ke kan rufi, ya dubi mangwaron da ke gaban faifan, shi ke nan bincike ya ƙare. Wai bishiyar ce ke tare iska, a sare ta.

Mahaifina ne ya dasa mangwaron nan. Tun da ya rasu, a gindinsa mahaifiyata ke zama bayan sujada, ta huce kafin mu nemi mota.

Ni kuwa aikina ke nan, kula da intanet a wani ofis a Samaru. Na kawo kwamfuta na bi sawun hoton tasha-tasha. Daga rufinmu zuwa ƙarfen sabis na kamfanin intanet ko tuntuɓe babu. Sai can a Legas aka karkatar da shi wata doguwar hanya mai cunkoso, ya tsallake teku, ya yi ta gararamba, sannan ya dawo Samaru a galabaice.

Na ce wa hedimasta, "Baba, an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar tana babban layi, can wajen Legas. Mu kai wa kamfani kuka."

Ya ce, "'Yata, ina Legas, ina Sabon Gari? Ke kina hango Legas daga nan? Ni dai ga bishiya ina gani."

Sauran dattawan suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Babu wanda ya leƙa kwamfutar, balle ya tambayi mahaifiyata.

Aka sare mangwaron ranar Asabar. Ranar Lahadi hannun fasto na nan a sama. Daga baya kamfani ya gyara hanyarsa, hoto ya miƙe, faɗuwa ta zo daidai da zama. Hedimasta ya tashi gaban jama'a ya bayyana cewa iska ce ta ɗauki lokaci kafin ta saba da sabon fili. Aka yi masa tafi. Har yau in na tuna tafin nan raina ɓaci yake yi, na kuma rasa wanda na fi rainawa tsakaninsa da masu tafin.

Ranar, da aka tashi, mahaifiyata ta je ta zauna kan kututturen, rana na dukanta. Hedimasta ya zo wucewa, yana ta fara'a.

"Mama, ranar nan za ta yi miki illa. Ki koma inuwa mana."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Wacce, Malam?"