Wa ya yanka kajin?

Shekarun baya, a shekarar da mahaifina ya rasu, na yi wani abu da har yau ake tsokanata da shi a unguwarmu.

Akwai wata ƙaramar makarantar Kirista a bayan gidanmu nan Wudil, a can na yi firamare. Duk Disamba kafin a tafi hutu, malamai da iyayen yara sukan haɗa shinkafa da kaji, su dafa a filin makaranta, a raba wa maƙwabta. Ba a biyan kowa. Wata ta kawo itace, wani ya kawo man gyaɗa, matan coci su zo da tukwanensu. Tun da na gama sakandare ni ce mai kai abincin gida-gida, don na san kowa kuma ba na tsayawa dogon surutu.

Yanka kuwa aikin mahaifina ne. Shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Mama, ta san halin mutanenta. In ba Musulmi ne ya yanka ba, za a karɓa da godiya, kana juya baya a zubar. A kowace ƙofa tambayar ɗaya ce: wa ya yanka? In ce Baba. Sai a kawo kwano a juye.

A waccan shekarar girkin ya faɗo ranar Juma'a, ranar kasuwa, ga mahaifiyata tana cikin takaba. Na iso da safe na tarar ruwa na ta tafasa, kaji a ɗaure ƙarƙashin darbejiya, mata sun yi jugum. Ashe mahaucin da Mama ta yi magana da shi ya wuce kasuwa tun asuba, wayarsa a kashe. Maza duk suna can, liman yana shirin huɗuba. Maigadin makarantar, wanda shi ma Kirista ne, ya ce a bar shi ya yanka, wa zai sani? Mama ta ce ba za ta aike ni ƙofar mutane in yi musu ƙarya ba. In ba a samu kowa ba, sai dai a kai shinkafa gayanta. Na ce mata gara a fasa da a kai wa mutum shinkafar Kirsimeti tsirara.

Na ruga wajen kawuna, da yake ciwon ƙafa ya hana shi fita. Ya ce shi dama can bai taɓa son yadda ɗan'uwansa, wato Baba, ke shiga wannan harka ba. Na tuna masa bara a gabana ya cinye cinyoyi biyu. Ya kore ni, har da jifa da takalmi.

Na koma gida ina huci, na zazzage wa mahaifiyata komai. Tana kan tabarma da carbi, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta miƙe, ta lalubo wuƙar Baba a saman kabad, tana nan a naɗe cikin tsummanta.

"Shekara nawa kina riƙe masa su yana yankawa?" in ji ta.

Na ce ai mace ba ta yanka. Ta ce wannan maganar mutane ce, ba ta littafi ba, Baba da kansa ya faɗa mata. Akwai lokacin da ya yi tafiya kazarta ta kusa zama mushe, ita ta yanka, ya dawo ya ci har da tanɗe hannu.

"Ke da bakinki ba ya tsoron kowa, yau kaza ce za ta ba ki tsoro?"

Gaskiya ta ba ni. Na kama ta farko na take mata fukafukai, na fuskanci gabas. Na yi bisimilla da kabbara na ja wuƙar. Ta yi ta shure-shure, ta ɓata min hijabi da jini. Maigadi ne ke miƙo min su ɗaya bayan ɗaya, Mama na tsaye a bayana. Can na waiga na ga tana share ido da bakin zaninta.

Bayan la'asar na fara da gidan tsohuwar da ke koya wa matan aure karatu. Da gangan na yi, in za a kore ni a kore ni tun da wuri. Ta amsa sallama, ta yi tambayar da ta saba, sai kuma ta tuna babu Baba.

"Ni ce, Iya."

Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta tambaya ko na ambaci sunan Allah, ko maƙogwaro da jijiyoyi sun yanku. Na ce duka. Sai ta juya ta ce a kawo mata kwanonta mai murfi.

Ba kowa ya karɓa ba. Wasu gidajen sun ce sun gode, sun ƙoshi, ban tsaya roƙon kowa ba. Kawu ma ya ce kada a shigar masa da shi, amma matarsa ta biyo ni zaure da kwano a ƙarƙashin mayafi.

Tun daga nan Mama ba ta ƙara neman mahauci ba, ni kuma aka laƙaba min mahauciya. Ban koyi haƙuri ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da na gane kawai shi ne, ina ɗauka shinkafa nake rabawa duk shekarun nan, ashe amana ce, don ba wanda ya taɓa ganin yankan da idonsa.

Kwanon ƙarshe na mahaifiyata ne. Tun rasuwar Baba loma biyu take yi ta ture abinci. Ranar ba ta tambaye ni komai ba. Ta wanke hannu, ta ci, har da ƙasusuwan ta tauna. Sannan ta ce in wanke wuƙar in shafa mata mai, in ajiye a ɗakina.