Sunan da Na Goge a Ƙirjin Baba

Babanmu ya rasu a Jos wata ranar Talata, ina tsaye ina liƙe kwalaye a siton da nake aiki a titin Wendover, a ƙasar waje. Ƙanena ne ya kira ni. Ciwon suga ne ya ɗauke shi, wata biyu bayan an yanke masa ƙafa. Takarduna na zama ba su kammala ba a lokacin, in na fita daga ƙasar babu dawowa. Haka aka binne shi ina birnin Greensboro, ina kallo ta waya.

'Yan cocinmu suka ce za a yi masa sujadar tunawa a nan, in kawo hotonsa. Sai na tarar ba ni da na kirki. Baba ba ya son kamara. Waɗanda ke wayata duk na asibiti ne, ya rame, idanu sun faɗa.

Ranar Lahadi da yamma ina ɗakina a unguwar Glenwood, kewa ta sa na rubuta sunan kasuwarmu a intanet. Ina cikin duba hotuna sai ga Baba. Yana kan keken ɗinkinsa, tef a wuya, yana dariya har giɓinsa ya fito. Wani mai ɗaukar hoto ne ya ɗauke shi shekarun baya ya sa a shafinsa, ya rubuta sunan kansa da fararen haruffa daidai ƙirjin Baba.

Ban ko yi tunanin neman izini ba. Ubana ne ai. Kuma na iya gyaran hoto, ni ke yi wa coci takardun sanarwa. Na goge sunan, na cike gurbin da launin rigar, na haskaka fuskar. Aka buga shi a takardar sujada, na sa a shafina, dangi suka yi ta turawa juna. Mama ta ce rabonta da ganinsa haka tun kafin ciwon.

Bayan mako uku saƙo ya shigo daga mai hoton. Ya yi mini gaisuwar rashi, sannan ya ce hoton aikinsa ne, kuma ya ga an cire sunansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta masa cewa ba shi ya haifi mutumin ba, na toshe shi.

Na kai ƙorafi wurin wata dattijuwa a cocinmu, ma'aikaciyar laburare ce, ina jiran ta goya mini baya.

“Anti, ki ji fa. Hoton ubana, wai sai na roƙi wani.”

Ta cire tabarau ta dube ni. “'Yata, fuskar ta babanki ce, amma hoton na wanda ya ɗauka ne. Haka dokar take, nan da can gida. Da kin tambaye shi, ko kin bar sunansa a jiki, ina jin da bai ce uffan ba. Gogewar ce ta ɓata.”

Ban ji daɗin maganar ba. Na daina zama kusa da ita.

Wajen wata huɗu bayan haka Mama ta kira ni ina cikin bas. Ba ta ko gaisa ba.

“Ke kika ba masu magani hoton babanku?”

“Waɗanne masu magani, Mama?”

Ƙanena ya turo mini. Tallar wani maganin suga ce, na kwalba, babu adireshi sai lambar waya. Ga Baba yana dariya, hoton da na gyara da hannuna. A ƙirjinsa, inda na share, sun rubuta: “Na sha, na warke sarai.” Wata maƙwabciya ce ta nuna wa Mama, tana tambaya ko da ma ya sha maganin. Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Na kai ƙara a shafin da aka sa tallar. Suka tambaya ko ni ce mai haƙƙin hoton. Ba ni ba ce. Sai da na buɗe mutumin da na toshe, na ba shi haƙuri, na roƙe shi.

Bai gasa mini magana ba. Ya ce ya tuna Baba, har Baba ya ɗinke masa jakar kamara ranar bai karɓi komai ba. Ya ce saboda irin waɗannan mutanen yake sa suna a tsakiyar hoto. Ya shigar da ƙara, aka sauke tallar. Bayan kwana goma ta ɓullo a wani shafin, da wata lambar. Ya sake shigarwa. A karo na biyar ya ce mini ya gaji, kuma ban ga laifinsa ba.

Ya turo mini na asalin, ya ce in buga in rataye. Ban iya ba tukuna. Mama ta sa an cire nata daga bangon falo, ta ce duk ta kalle shi kwalbar take gani. Tallar tana nan tana yawo. A watan jiya wani abokin aikina ɗan Nijar ya nuna mini ita lokacin hutun abinci, ya ce yana so ya saya wa mahaifiyarsa, dattijon nan da alamar gaskiya a fuskarsa. Na ce masa kada ya saya, mutumin ya mutu.